Mutumina, yau na taka filin Tafawa Ɓalewa

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya sanyin Bauchi? Ina fatan su Inna da yara duk suna lafiya. Mu nan Ikko alhamdulillah, sai zafi da cunkoson da ka sani.

Abin da ya sa na kasa haƙuri sai na rubuto maka, wata takwas ke nan kullum da safe ina sauka daga bas a wata tasha da kowa ke cewa TBS, kwandasta na ihu TBS TBS ni ma ina bin su ina faɗa, sai ranar Asabar ɗin nan da ba aiki wani dattijo ɗan Azare mai sayar da goro a gefen titi ya ce min yaro ka san sunan wa kake gutsurewa haka? Wallahi jikina ya yi sanyi. Ashe filin Tafawa Ɓalewa ne, Sa Abubakar namu, wanda ni da kai muka je kabarinsa da malamin tarihi muna aji uku, wanda hotonsa ke jikin naira biyar.

Na fasa komawa gida, na tsaya na kalli wurin da kyau. A bakin ƙofa akwai gumakan fararen dawakai huɗu manya manya sun ɗaga ƙafafun gaba kamar an ja musu linzami a hawan daushe, sama da su kuma jajayen mikiya guda bakwai, irin doki da mikiyar da ke tambarin Najeriya. Dawakan sun dace da wurin, don asalinsa filin sukuwa ne, Oba Dosunmu na Legas ya ba Turawa shi a 1859 suka riƙa tseren doki da wasanninsu a ciki, sai a 1972 zamanin Gowon aka sake gina shi da waɗannan manyan matakalan siminti na zaman 'yan kallo aka sa masa sunan marigayi.

Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne tsakiyar filin. A nan ne fa, da sha biyun dare, daren da za a wayi gari 1 ga Oktoba 1960, aka sauke tutar Ingila aka ɗaga kore fari kore. Gimbiya Alexandra ce ta zo a madadin Sarauniya, kuma malamin makaranta daga ƙasar Bauchi, da rawaninsa da babbar rigarsa, shi ya tsaya ya yi jawabi a madadin ƙasar gaba ɗaya, da muryar nan da ake ce wa ta zinariya. Na tsaya kan simintin rana na dukana ina ta ƙoƙarin hango inda ya tsaya, ina tuna cewa shekara biyar da 'yan watanni kawai bayan wannan rana, a Janairun 1966, aka kashe shi. Allah ya jiƙansa. A wannan filin dai aka rantsar da Shehu Shagari ranar 1 ga Oktoba 1979 da Obasanjo ya miƙa mulki.

Akwai kuma wurin tunawa da sojojin da suka rasu a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu da yaƙin basasa, nan da nan kakanka ya faɗo min a rai, da labaran yaƙin ƙasar Bama da yake ba mu a zaure. King's College na nan dab da filin tun 1909, da tsohon ginin majalisa, wanda ya yi shiru tunda aka kwashe gwamnati zuwa Abuja a 1991.

Daga nan na taka da ƙafa zuwa gidan tarihi na Onikan, ba nisa ko kaɗan. In ka zo, ko ba ka ga komai ba sai ka ga wannan: motar Murtala, baƙar Marsandi da aka harbe shi a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976, ramukan harsashi na nan a jikinta. Na daɗe tsaye gabanta ban ce komai ba, wasu 'yan makaranta na ta ɗaukar hoto, ni addu'a kawai na iya yi.

Da la'asar na koma wajen dattijon na sayi goro, muka zauna kan benci ya ce shi tunda ya zo Ikko bai taɓa cewa TBS ba, cikakken sunan yake faɗa ko kwandasta ya gane ko kar ya gane. Ni ma na fara tun jiya, sai da na maimaita sau biyu kafin yaron motar ya fahimce ni.

Don Allah in ka samu sarari ranar Juma'a ka biya ta kabarin ka yi masa addu'a har da tawa, ka turo min hoto ta WhatsApp in nuna wa tsohon nan, ya ce rabonsa da garin Bauchi an fi shekara ashirin. Ka gaishe min da Inna da kyau, ka ce mata saƙonta na nan tafe ƙarshen wata.

Naka har kullum,
amininka na Ikko