Gadon Audu Bako yana cikin kanal, a yashe shi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in yi magana kan marigayi Audu Bako, kwamishinan 'yan sanda da ya riƙe tsohuwar Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, lokacin Jigawa tana ciki. Yawanci idan an ambace shi sai a tuna gidan zoo. A ganina babban abin da ya bari ruwa ne.

A zamaninsa aka gina madatsar Bagauda, aka kuma kammala ta Tiga a 1974, daidai lokacin da fari ya gallabi Arewa. Hikimar aikin ita ce ba a buƙatar injin famfo. Ruwa yana gangarowa da kansa daga Tiga ta babban kanal, ya rabu zuwa ƙananan kanal, har ya isa gonakin Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam. Da shi ake noman rani na alkama, tumatir, albasa da shinkafa. Daga baya Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are ta karɓi kula da aikin.

Matsalar tana wajen kulawa. Laka da yashi suna taruwa a kanal, ciyawa ta kama, ruwa ya rage gudu. Manomin da ke kusa da ƙofar ruwa ya sha ya ƙoshi, na can ƙarshe ya jira har shuka ta yi yaushi. Idan magudanar fitar da ruwa ta toshe kuma, ruwa ya kwanta a gona, kanwa ta taso, ƙasa ta gaji.

Mutanen Hadeja da Nguru ma suna ɗanɗana nasu. Tun da kogin Hadeja ya daina ƙafewa da rani saboda ruwan da ake saki daga madatsa, ciyawar kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Ballewar madatsar Bagauda a 1988 kuwa ta isa ta tuna mana cewa jikin madatsa yana son dubawa.

Ina kira ga hukumar da gwamnatocin Kano da Jigawa su ware kuɗin yashe kanal kowace shekara, su tsayar da lokacin rufe ruwa don gyara, a sanar da manoma tun kafin su yi shuka, sannan a ba ƙungiyoyin masu amfani da ruwa ikon tsara rabo da hukunta mai fasa kanal.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku, daga Kano.