Abin da nake gani a faranti kowace safiya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan wasiƙar wani ɗan'uwa da kuka buga kwanakin baya, inda ya ce ra'in juyin halitta, wato cewa halittu na sauyawa sannu a hankali daga zuriya zuwa zuriya, tatsuniyar Turawa ce, babu mahaluƙin da ya taɓa ganinsa da ido. Ni ba farfesa ba ne. Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wani asibiti, shekara goma sha tara ke nan ina fama da fitsari da jini da majinar mutane. Sai dai abin da ya ce ba a gani, shi nake tararwa kusan kullum idan na shiga aiki.

Idan aka kawo fitsarin mara lafiya, mukan shuka ƙwayoyin cutar da ke ciki a kan wani ɗan faranti mai ɗauke da abincinsu. Sai mu jera wasu 'yan takardu zagayayyu a kai, kowace da irin maganin da aka jiƙa ta da shi, mu sa a na'urar ɗumi, digiri 37, daidai zafin jikin mutum, su kwana. Da safe sai in ɗaga farantin in duba a haske. Inda magani ya ci, za ka ga fili fes kewaye da takardar kamar an share. Inda bai ci ba, ƙwayoyin sun tsiro har bakinta, ko gezau. Wani lokaci kuma a tsakiyar filin da maganin ya share sai ka hangi 'yan ɗige-ɗige biyu ko uku, ƙanana kamar kan allura, suna zaune abinsu. Su na fi tsoro.

Mutane kan ce cutar ta saba da magani, kamar dai ta zauna ta yi dabara. Ba haka ba ne. Duk lokacin da ƙwaya ta rabu biyu sai ta kwafi bayanan gadonta, kuma jefi-jefi akan sami kuskure a kwafin. Yawancin kurakuran ba su tsinana komai, wasu ma kashe ta suke yi, amma cikin miliyoyi akan dace da guda da kuskurenta ya hana magani kama ta. Wata ma daga maƙwabciyarta take karɓo wannan kariyar. Magani ya zo ya kwashe saura, ya bar mata fili ita kaɗai. Bakteriya irin E. coli kuwa, idan ta sami yadda take so, duk minti ashirin take rabuwa, wato cikin awa bakwai guda ɗaya ta haura miliyan biyu, kuma dukkansu sun gaji taurin kan uwarsu.

To, ai wannan shi ne abin da Charles Darwin da Alfred Wallace suka rubuta, aka gabatar a Landan a 1858, kafin Darwin ya fitar da littafinsa a 1859: 'ya'ya ba sa fitowa iri ɗaya, bambancin ana gadonsa, kuma wanda halittarsa ta fi dacewa da halin da ake ciki shi ya fi barin zuriya. Darwin bai ma san yadda gado ke aiki ba, sai bayansa aka gano. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a 1928, ya yi kashedi a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 cewa shan maganin da bai kai ƙima ba zai haifar da ƙwayoyin da ba sa jin sa. Haka kuwa aka yi. Wanda ya manyanta zai tuna lokacin da kulorokwin ke kwantar da zazzaɓin cizon sauro. Ina yake yau?

Na san ɗan'uwan zai ce ai wannan ƙwayar cuta ce kawai. Akwai wasu masana biyu, mata da miji, Peter da Rosemary Grant, da suka shafe kimanin shekara arba'in tun daga 1973 suna kama 'yan tsuntsaye a wani ƙaramin tsibiri na Galapagos da ke tekun Pasifik, suna auna bakinsu ɗaya bayan ɗaya. A 1977 aka yi fari, ƙananan tsaba masu laushi suka ƙare, sai manya masu tauri. Fiye da kashi 80 cikin 100 na wani nau'in tsuntsun suka mutu. Waɗanda suka rayu galibi masu kaurin baki ne da ke iya fasa tsabar, kuma da aka auna 'ya'yansu sai aka tarar bakinsu ya fi na 'yan kafin farin kauri. A rubuce yake, da ma'auni.

Mu ma bai bar mu ba. Ina yawan yi wa masu shirin aure gwajin jini, in rubuta AA ko AS, wani lokaci SS, gabana na faɗuwa. Tambayar da ta daɗe tana damuna tun ina ɗalibi ita ce, me ya hana sikila ƙarewa, alhali a da masu SS ba kasafai suke kai shekarun haihuwa ba? Amsar ta fito ne daga binciken Anthony Allison a gabashin Afirka a 1954: mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Shi ya sa idan ka ɗora taswirar sikila a kan ta zazzaɓin, Afirka da Indiya da sassan ƙasashen Larabawa, sai ka ga sun hau juna. Sauro ne ya yi tankaɗen.

Batun manyan sauye-sauye na miliyoyin shekaru kuwa, ba fagena ba ne, amma abu ɗaya ya burge ni. Wasu masana sun lissafa cewa idan dabbobin tudu daga kifi suka samo asali, to ya kamata a sami mai kama da duka biyun a duwatsu masu shekara miliyan 375. Suka nufi tsibirin Ellesmere a arewacin Kanada, suka yi ta haƙa shekara da shekaru, a 2004 suka tono Tiktaalik: kifi mai ɓawo a jiki, amma da wuya, da ƙasusuwa irin na hannu a cikin fiffikensa. Mai tatsuniya ba ya faɗa maka inda za ka je ka tona ka ƙaryata shi.

Na san inda gizo ke saƙa, wato asalin ɗan Adam. Gyara ɗaya kawai zan yi: masanan ba su ce birin da muke gani yau ne ya rikiɗa ya zama mutum ba, cewa suka yi kaka ɗaya aka haɗa tun can da nisa. Yadda wannan zai zauna da nassi, na bar wa malamai, su ne masu fagen. Ni dai ban taɓa jin kallon faranti ya taɓa mini imani ba. Abin da ke damuna shi ne a yi fushi da sunan Darwin har a watsar da ilimin da ke bayyana dalilin da ya sa shan maganin kashe bakteriya don mura, ko ɗura wa dabbobi shi ba gaira ba dalili, yake janyo mana masifa.

A makon jiya na ɗaga farantin wata dattijuwa. Takarda takwas na jera, bakwai babu ko alamar fili, ta takwas ɗin kuma allura ce da sai an kwantar da mutum ake yi. Na rubuta sakamakon na aika wa likita. Idan ɗan'uwan nan yana da wani sani a ɗakin gwaje-gwaje, ya roƙe shi ya nuna masa irin wannan farantin, da safe, kafin a kai shi ƙonawa.

Wassalam.

Naku,
Wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje