Sun buga, mutumina!

Assalamu alaikum, ango.

Na san ka ƙullace ni, wata huɗu ba kira ba saƙo. Ka yi haƙuri ka ji dalili, don ban iya barci ba sai na faɗa maka.

Jiya da sassafe a ɗakin bincike na ɗora faranti a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, sai na hangi wani ɗan gungu a gefe yana motsi, dam, dam, dam. Na ɗauka teburin ne ke girgiza, na janye hannuna. Bai daina ba. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Ƙwayoyin tsokar zuciya ne, ba jini, ba jijiya, ba mai umartarsu, suna bugawa a rana ta 9 da fara renonsu.

Ka san asalinsu daga jinin mutum ne. Dabarar Shinya Yamanaka ce, na Jami'ar Kyoto a Japan, wanda ya samu kyautar Nobel a 2012: a mayar da ƙwayar da ta riga ta girma baya, ta koma kamar ta ɗan tayi, sannan a lallaɓa ta ta zama abin da ake so. Lallaɓawar ce aiki. Akwatin reno sai zafi 37 daidai na jikin mutum, abinci duk bayan kwana biyu, har ranar Sallah ina can. Sau uku ruwan da ake renonsu a ciki yana gurɓacewa ya koma ruwan ɗorawa, ƙwayoyin cuta sun shiga, a zubar a sake sabon lale. Yanzu saura in hana su sukari in ba su laktet, wani sinadari da ƙwayoyin zuciya ke iya ci, sauran ƙwayoyin su mutu, na zuciya su rayu.

Wai ni da gaske ne ka yi tumbi? Hoton da na gani na ɗaurin auren ƙanin Alhaji, babbar rigar ma ta kasa rufa maka asiri. Ka gaida amarya, ka ce ta rage maka man shanu.

Da na ga bugun nan, Yaya ce ta faɗo mini a rai, Allah ya jiƙanta. Ka tuna yadda ƙafafunta suka kumbura bayan ta haihu, kafin ta yi arba'in, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya ke rubutu kan ciwon zuciyar masu jego, suna zargin kunun kanwa da zafin wankan jego, binciken Kano kuma ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyom a jikin matan. Burina in reni ƙwayoyin irin waɗannan mata, in ga da idona inda tsokar ke gazawa.

Kada ka je majalisa ka ce na ƙera zuciya. Waɗannan jarirai ne, bugunsu ba ƙarfi, ba su kai na baligi ba. A Osaka ta Japan dai tun 2020 aka fara manna wa marar lafiya faifan irinsu a zuciya, amma tafiyar da saura.

Sanyi ya fara a nan, daddawata kuma ta ƙare. In ka ji mai tahowa, haɗo da kuka da yaji. Ka duba mini Inna, ka karanta mata wannan, amma ka tsallake maganar Yaya.

Naka har kullum.