Babbar kyanwata ta ƙi ƙaramar da na kawo, shin in bayar da ita?

Assalamu alaikum Likita. Ina yi maka fatan alheri, kai da abokan aikinka na wannan fili. Wata damuwa ce ta hana ni sukuni, na ga gara in kawo ta gabanka.

Ina da kyanwa mace mai shekara 11. A hannuna ta girma, kuma tun da take ba ta taɓa zama da wata mage a gida ɗaya ba. Kwanakin baya na tsinci wata 'yar kyanwa ba uwa, na kai ta wurin likitan dabbobi, ya ce ba ta wuce sati 8 ba. Aka ba ta maganin tsutsar ciki, aka fara mata allurar riga-kafi. Yanzu tana neman wata 4.

Na san mage dabba ce mai kishin wurinta, don haka ban haɗa su kai tsaye ba. Na ware wa ƙaramar ɗaki da kwanon abincinta da na ruwa da kaskon yashi na yin fitsari da kashi. Ina goga tsumma a kumatun wannan in ajiye wa waccan ta shinshina, tunda da ƙanshi suke gane juna. Ina musanya musu shimfiɗa, ina ba su abinci ƙofa na tsakaninsu. Kaskon yashi har uku na ajiye a wurare dabam-dabam, kamar yadda ake cewa a ƙara ɗaya a kan yawan magunan gida. Har Feliway, abin nan da ake jonawa a wuta yana fitar da ƙanshin da ake cewa yana kwantar wa maguna hankali, na gwada.

Huci da gurnanin farko ba su tayar min da hankali ba, na san dole a yi su. Abin da ya biyo baya ne ya dame ni. Babbar ta ƙaurace wa duk wuraren da ta saba kwanciya, ta koma ƙarƙashin gado, ba ta fitowa sai dare ya yi. Cin abincinta ya ragu. Ta lashe cikinta har gashin wurin ya zube. Sai kuma ta fara yawan tsugunawa tana ɗigar da fitsari kaɗan-kaɗan, wani lokaci ma ba a cikin kasko ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Likitan dabbobin ya duba ta, bai ga tsakuwa ko ƙwayar cuta ba. Ya ce kumburin mafitsara ne wanda damuwa ke jawo wa maguna, kuma ga ciwon gaɓoɓi na tsufa ya fara taɓa ta. Ya ja min kunne cewa mage idan ta yi kwana 2 zuwa 3 ba ta ci komai ba, kitse na iya taruwa a hantarta, kuma abin yana kisa. Tun daga ranar kullum idona na kan kwanonta.

Ita ƙaramar, wallahi ba mugunta take yi ba, ƙuruciya ce. Ta laɓe a bayan ƙofa ta dira a bayan babbar, ta kama mata wutsiya, ta tare ta a bakin kasko. Ko na yi wasa da ita har ta gaji, tana farkawa za ta koma nemanta. Kamar dai a kai wa tsohuwa mai ciwon ƙafa jika mai ƙiriniya ɗakinta a ce su kwana tare.

A gida kan ya rabu. Maigida ya ce in ƙyale su, zo mu zauna zo mu saɓa ne, za su daidaita. Yara kuwa da sun ji zancen bayarwa sai kuka. Wata ƙawata ta ce in ƙaro 'yar kyanwa ta biyu su riƙa wasa da juna, su saki babbar ta huta. Na ga hikimar maganar, amma gidanmu ba shi da faɗi, kuma ina tsoron damuwar ta ninku. Ni a raina babbar ta fi haƙƙi a kaina. Ba ta da wani gida sai wannan, kuma ba kowa ke son karɓar tsohuwar mage ba, alhali ƙaramar tana da saurin sabo, masu sonta ma ba za su yi wuyar samu ba muddin ba ta girma ba. Sai dai duk sanda ƙaramar ta hau cinyata ta yi barci, sai in ji kamar zan ci amanarta.

Likita, a ina ake raba rashin sabo da rashin jituwa na gaske? Na ji ana cewa wasu maguna sukan ɗauki watanni kafin su haƙura da juna, to amma wadda damuwa ta riga ta taɓa lafiyarta, ya dace a ci gaba da jira da ita? Idan na rufe ƙaramar a ɗaki ɗaya dindindin, anya ban zalunce ta ba, tana cikin shekarun guje-guje?

Idan kuma bayarwar ce mafita, ina so in yi ta yadda ya kamata. Akwai wata 'yar uwata da ta nuna tana so, ba ta da mage, kuma tana yini a gida. Me zan tambaye ta kafin in amince? Tunda macen kyanwa na iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, in sa a yi mata aikin hana haihuwa kafin ta tafi, ko wahalar aikin da ta sauya gida za su yi mata yawa a lokaci guda? Na yi niyyar haɗa ta da shimfiɗarta da katin riga-kafinta da irin abincin da ta saba ci, in kuma roƙi a tsare ta cikin gida na wasu makonni don kada ta ɓata. Akwai abin da zan ƙara a kai? Sannan idan ta tafi, babbar za ta koma yadda take, ko ciwon mafitsarar zai riƙa dawowa?

Don Allah ka ba ni har da kalaman da zan fahimtar da yara, domin ba na so su ɗauka cewa dabba abin wasa ce da ake yarwa in an gaji.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai bibiyar filinka a kullum.