Barka da Sallah daga Tsibirin Santa Helena

Assalamu alaikum Inna,

Barkanku da Sallah, Allah Ya maimaita mana. Yau na tashi ba kabbara, ba kukan rago, sai iskar teku. Ranar aiki ce a nan, amma da na tashi daga asibiti na sa shaddar da kika aiko min, maƙwabta suna ta yaba ɗinkin.

Kin tambaya ko na samu abin layya. Inna, wurin nan dutse ne a tsakiyar Tekun Atlantika, kusan kilomita 1,900 daga gaɓar Angola, mutanensa ba su kai 5,000 ba. Jamestown, babban garin, a matse yake cikin kwari tsakanin duwatsu biyu. Shinkafa, sukari, man girki, duk jirgin ruwa ke kawo su daga Afirka ta Kudu, kusan sau ɗaya a wata. In ya makara sai albasa ta ɓace a kanti, gaisuwar kowa ta koma yaushe jirgi zai iso. Jirgin sama ma sai a 2017 ya fara jigila daga Johannesburg, in iska ta yi ƙarfi a ɗage tafiyar. Gwamnati da tallafin Ingila take tafiya, samari da yawa sun tafi ci-rani tsibiran Ascension da Falkland. Mutanen kirki ne wallahi, ba mai wuce ka a mota bai ɗaga hannu ba.

Kifi kam akwai shi sabo, shi na soya da yajinki. Amma raina yana tsakar gidanmu. Na san war haka an gama da kayan ciki, gobe kuma a ɗora kasko, kina juya suya cikin kitsenta har ta yi ja, ƙaurin babbakar kai da ƙafa ya cika unguwa, yara na kai rabo gida-gida. Wannan suyar da ake ci har bayan wata guda, ita ta hana ni sukuni yau.

Ki gaishe min da Baba, Allah Ya karɓi layyarsa. Gaisuwa ga Kawu da Baffa da iyalansu. Gwaggo kuwa ki zauna kusa da ita ki karanta mata wasiƙar nan a hankali, ki tambayi ƙafarta, ki ce goronta na Sallah yana cikin saƙon da na turo wa Yaya, kada a haɗa da na kowa. Auta ya riƙe karatu. A sa ni a addu'a.

Ɗanki.