Ciwon dubura ya sa maigidana ya fara yi mini kallon zargi

Assalamu alaikum Anti,

Ina gaishe ki da aiki, Allah ya ƙara basira. Na daɗe ina sauraron shirinki, na kuma lura ba kya ƙyamar magana komai nauyinta a baki, shi ya sa na yi ƙarfin halin rubuto miki abin da ko mahaifiyata ba ta san rabinsa ba. Don Allah a sakaya sunana.

Ni matar aure ce, muna da ɗa ɗaya. 'Yan shekarun da suka wuce na fara ganin jini da majina idan na shiga bayan gida. Jinin ma bai dame ni ba kamar matsuwar. Sai in ji bayan gida ya taho mini gadan-gadan, in ruga da gudu, in tsuguna in yi ta yunƙuri, amma ba abin da zai fito sai ɗan jini da yauƙi. Ina miƙewa in ji kamar ban yi komai ba. Wani lokacin kuma, abin mamaki, cikin ne zai ɗaure kwana da kwanaki alhali matsuwar tana nan. Duk wanda na ɗan tsegunta wa sai ya ce basir ne, wa ya rasa basir? Na sha magungunan basir iri-iri, aka kuma ba ni na atuni har sau ba adadi, abin ya lafa kaɗan ya dawo.

Sai da na fara ganin jiri, hakki na kama ni a ɗan aiki kaɗan, aka auna aka ga jinina ya yi ƙasa, sannan aka tura ni wurin likitan hanji. Ya sa aka gwada bayan gidana don a tabbatar ba ƙwayar cuta ba ce. Bayan nan ya leƙa hanjin da wata siririyar na'ura mai kyamara, wato kolonoskofi, ya ɗan tsinko nama aka kai ɗakin gwaji. Sakamakon ya nuna kumburi ne mai daɗewa a bangon dubura, ƙarshen babban hanji, wurin da tsawonsa bai wuce santimita 12 zuwa 15 ba. Likita ya kira shi furoktaitis mai gyambo. Ya zana mini hoton hanji a takarda, ya yi da'ira a can ƙasa, ya ce nan kaɗai ciwon ya tsaya, sauran hanjin lafiya lau. Ya ce garkuwar jikina ce take afka wa bangon wurin, har yanzu masana ba su gano takamaiman abin da ke tayar da ita ba, ba kuma ciwo ba ne da ake ɗauka daga wani ko a shafa wa wani. Maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce da ya ce ba a warkewa gaba ɗaya, sai dai a kwantar da shi, yakan lafa ya kuma tashi.

Maganin da ya ɗora ni a kai sunansa mesalazin, na matsi ne da ake cusawa ta dubura, giram 1 kowane dare. Na tambaye shi ko ba na haɗiya, ya ce akwai, amma tunda ciwon a bakin ƙofa yake, wanda aka sa kai tsaye ya fi isa wurin. Anti, ban san yadda zan kwatanta miki nauyin da wannan abu ya yi mini da farko ba. Nakan jira sai numfashin maigidana ya sauya, in lallaɓa in ɗauko maganin daga inda na ɓoye shi a wuri mai sanyi, don zafi na narkar da shi, in kwanta a gefen hagu in sa, in yi lamo ina addu'ar kada matsuwa ta fito da shi. Yakan ɓata tufa, saboda haka na ware wani tsohon zane don wannan kaɗai. Amma gaskiya ɗaya ce, maganin ya yi aiki. Cikin 'yan makonni jinin ya ɗauke, na koma fita ba tare da idona na neman inda banɗaki yake ba kafin in zauna. Da abin ya kwanta, likita ya rage mini zuwa sau uku a mako, ya ce in ci gaba ko da ina jin garau, domin dainawa ce ke dawo da shi ga mutane da yawa. Yana auna ƙodata lokaci-lokaci saboda maganin, ya ba ni na ƙarin jini, ya kuma gargaɗe ni da magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da daikulofenak, ya ce suna iya tayar da kumburin, in kaina na ciwo in sha farasitamol.

Da a ce ciwon ne kawai, da ban dame ki ba. Na koyi zama da shi.

Maigidana ya san ina da matsalar ciki, shi ya ma riƙa kai ni asibiti, amma bai taɓa shiga wurin likita ba, a waje yake jirana. Kwanakin baya ya ga takardar sakamakona, ya rubuta sunan ciwon a wayarsa ya bincika. Abin da ya ci karo da shi shi ne jerin abubuwan da ke kawo kumburin dubura, kuma a cikinsu akwai cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, irin su ciwon sanyi da tunjere. Wannan gaskiya ne, ni ma likita ya faɗa mini tun farko, har ya ce akwai waɗanda ke samunsa bayan an gasa musu cutar kansa da haske, da waɗanda ƙwayoyin cutar hanji ke jawo musu. Shi ya sa aka yi mini waɗancan gwaje-gwajen duka, kuma ba a sami ko ɗaya ba. Nawa irin na garkuwar jiki ne, naman da aka auna ya nuna haka. Amma shi idonsa a kan layi ɗaya ya tsaya. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Karanta nan." Na karanta, na fara yi masa bayani, ya ce, "Ai ban ce komai ba." Daga ranar kuwa bai ce komai ɗin ba. Yana yi mini duk abin da ya saba, yana wasa da ɗansa, amma da dare ya juya mini baya. Mutumin da ban taɓa sanin wani namiji ba sai shi. Wallahi Anti, da ya fito fili ya zarge ni da ya fi mini sauƙi, sai in san da abin da nake faɗa. Shirun nan ya fi ciwon cin raina.

Ina ganin abin da ya ƙara hura wutar shi ne lokutan da ciwon ya tashi a baya nakan ƙaurace masa, saboda marata da ƙuguna na ciwo, ga tsoron kada matsuwa ta kama ni a lokacin da bai dace ba. Yanzu ina jin yana haɗa wancan da wannan yana ba su wata fassara.

Sai ga magana ta biyu ta hau kan ta farko. Mun daɗe muna son ƙarin haihuwa, shiru. Surukata, wadda ba ta san ainihin ciwon ba, ta ji cewa kullum ina kan magani, sai ta ce wa ɗanta maganin asibiti in ya yi yawa yana toshe mahaifa, a bar ni in huta da shi. Ba da mugunta ta faɗa ba, na sani, jika take so. Shi kuma da yake zuciyarsa ta riga ta yi tsami a kan batun, ya ce mini in dakata da shi mu gani. Na koma wurin likita na tambaya. Ya ce mesalazin ba ya hana ɗaukar ciki, kuma mata na ci gaba da amfani da shi har da juna biyu. Abin da ya fi hatsari, in ji shi, shi ne mace ta ɗauki ciki ciwon yana tashe, domin hakan na iya jawo haihuwar bakwaini ko jariri marar nauyi. Mafi alheri a sami cikin lokacin da kumburin yake kwance, kamar yadda nawa yake yanzu. Ya ƙara da cewa a wasu mutane ciwon yakan haura sama ya kama sauran hanji, sai an koma magunguna masu ƙarfi. Na tambaye shi batun cutar kansa, don shi ne ke hana ni barci, ya kwantar mini da hankali cewa muddin a dubura kaɗai ya tsaya, hatsarin bai da wani bambanci sosai da na sauran mutane. To ni da na ji wannan, ta yaya zan yi wasa da abin da ke riƙe shi a wuri ɗaya?

Na faɗa wa maigidana duk wannan. Ya ce likita ai kasuwarsa yake karewa. Na ce to mu je tare ya ji da kunnensa, ya yi duk tambayar da ke ransa, har da wadda ya kasa yi mini. Ya ce shi ba zai je ya zauna ana maganar duburar matarsa a gaban wani ƙato ba. Na fahimci kunyarsa, ni ma da ita na fara. Amma kunyar nan ce ta sa mutane da yawa suke zubar da jini shekara da shekaru suna cewa basir ne, kuma ina ganin ita ce yanzu take neman cinye mini aure.

Halin da nake ciki ke nan. Ban daina maganin ba, na kuma gaya masa ba zan iya dainawa ba, amma na koma sa shi a ɓoye kamar farkon lamarin, don kada ya gani ransa ya ɓaci. Hakan na damuna ƙwarai, domin ban saba saɓa masa ba. Ga shi likita ya ce damuwa ba ita ke haddasa ciwon ba amma tana iya taimaka masa ya tashi, kuma a 'yan kwanakin nan na fara ganin majina jefi-jefi.

Anti, ta wace hanya zan buɗe maganar zargin nan da shi, tunda shi bai furta ba? Ina tsoron in na ce "kana zargina ne?" ya zama ni na kawo kalmar cikin gidan, ba kuma za ta sake fita ba. Na yi tunanin in roƙi likita ya rubuta bayani a takarda cewa ciwona ba na saduwa ba ne, amma ban sani ba ko hakan zai wanke ni ko zai sa ya ga kamar na kai ƙararsa waje. Akwai yayansa da yake jin maganarsa sosai, mutum ne mai hankali, sai dai sa shi a ciki na nufin sirrin jikina ya shiga dangin miji, kuma kin san magana in ta fita ba ta dawowa. Ita kuma surukata, in zauna in yi mata bayani da kaina, ko in bar wa ɗanta? Sannan ina so ki gaya mini tsakani da Allah, ci gaba da maganin da nake yi bayan ya ce in dakata, na shiga haƙƙinsa ne?

Idan cikin masu sauraro akwai wadda ke fama da irin wannan ciwo ta kuma haihu lafiya tana kan magani, ina roƙon ta aiko ta hannunki, ina so in ji yadda ta yi da nata mijin. Lokacin komawata asibiti ya kusa, kuma ina fatan in sami amsarki kafin nan, ko Allah zai sa mu je mu biyu.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Taki,
Wata mai sauraro