Barka da Sallah daga Kalgari

Kalgari, Kanada
Ranar Babbar Sallah

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba da Inna, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina yi muku barka da Sallah, ku da Yaya da iyalinsa, da Auta, da duk wanda ya wayi gari a gidanmu na Agege. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana, Ya dawo da alhazanmu gida lafiya.

Lokacin da kuke saukowa daga Idi ni ina tsakiyar barci, domin kun riga mu da awa bakwai. Da na tashi asuba na tarar da hotunan da Auta ya turo. Ragon ya yi kyau, Yaya ya iya zaɓe, wahalar da ya sha zuwa Alaba Rago ba ta tafi a banza ba. Na ga Baba ya naɗe hannun babbar riga yana wasa wuƙa, na kuma ga bulon da aka jera a ƙofar gida ana takawa, na san damina ta kankama, kwatar lungunmu ta sake cika.

Mu a wani babban zaure da aka kama haya muka yi Idi, tare da Somaliyawa da mutanen Pakistan da Sudan da Labanon. Layyar kuwa a wata gona ce bayan gari. Ka biya tun sati biyu kafin Sallah, a yanka da sunanka, a miƙo maka nama a kwali, yankakke tsaf. Ba fata, ba hayaƙin babbaka, ba yaran unguwa masu jiran a ba su hanji. Takwararku, Inna, ta leƙa kwalin ta ɗago kai ta ce, "Abba, to ina ragon?" Na rasa abin da zan ce mata.

Ga maganar da ta sa na zauna rubuta doguwar wasiƙa maimakon in bari sai mun yi waya, don a waya Inna ba ta bari in kai ƙarshen zance. Na nemi hutun sati uku a wurin aiki domin mu zo gida. Aka yi ta ja min rai, daga ƙarshe aka ba ni kwana huɗu a watan Yuli. Kwana huɗu ba ya kai mutum Ikko ya dawo da shi. Babu jirgin da ke tashi daga nan kai tsaye, sai an sauka a Turai ko Amurka, tafiya da dawowa kawai sun cinye hutun, balle kuɗin tikitin mutum uku. Sai muka yi shawara da 'yarku: maimakon mu zauna a ɗaki muna kallon bango, mu je mu ga duwatsun nan da muke hange kullum daga yamma da gari, waɗanda ake kira Roki. Shekarata huɗu a nan, duk ranar da sama ta washe ina ganin kawunansu farare daga tagar bas, ban taɓa taka su ba. Abin kunya ne, kamar a ce mutum ya yi shekara huɗu a Ikko bai ga teku ba.

Na san abin da Baba za ku ce: me mutum zai je nema a kan dutse, ba kasuwa, ba ɗan'uwa, ba kabarin waliyyi? Ƙanƙara zan je gani, Baba. Kuma kafin ku yi dariya bari in tuna wa Inna wani abu. Kowace Sallah, idan an ɗauke wuta, ni ake aikawa wajen mai ƙanƙarar nan ta bayan layin dogo. A naɗe min guda a buhun siminti, in ɗora a ka in zubo da gudu, ruwan sanyi na bin ƙeyata yana shiga riga, Inna na tsaye a bakin ƙofa tana cewa in yi sauri kada zoɓon baƙi ya huce. Kafin in iso kashi ɗaya cikin huɗunta ya narke. Ni abin da na sani da ƙanƙara ke nan tun tasowata: aba ce mai tsada da ba ta jiran kowa. To a can akwai wadda ta yi ɗaruruwan shekaru a kwance tsakanin duwatsu, rani da damina, ba injin sanyi, ba janareta.

Ga yadda abin yake. A can saman duwatsu dusar ƙanƙara na sauka fiye da yadda zafin bazara ke iya narkarwa. Ta bana ta hau ta bara, ta bara ta danne ta bara waccan, nauyi ya matse ta ƙasa har ta zama ƙanƙara mai tauri. Idan ta yi kauri sosai sai nauyinta ya sa ta soma gangarowa cikin kwari, a hankali, abin da bai wuce taki ɗaya na ƙaramin yaro ba a yini. Shi ya sa nake kiran abin kogin ƙanƙara, don tafiya yake yi, ido ne kawai ba ya kamawa. Wanda za mu je ana ce masa Atabaska. Tsawonsa kusan kilomita 6, kaurinsa a wasu wurare ya kai mita 300. Reshe ne na wani babban filin ƙanƙara mai suna Kolombiya, wanda ruwansa ke rabuwa gida uku: wani ya yi yamma zuwa tekun Fasifik, wani ya yi arewa zuwa tekun Arktik, wani ya bi gabas ya faɗa mashigin Hodson da ke haɗe da Atlantika. Wato dai tekun nan da muke zuwa kallo a Bar Beach da yammacin Sallah muna yara yana da ɗan rabo a ciki. Hatta ruwan famfon da muke alwala da shi a ɓangarenmu na Kalgari daga kogin Bo ake ɗebo shi, shi kuma Bo daga ƙarƙashin irin wannan ƙanƙara ya faro.

Abin da ya sa na matsu shi ne ƙanƙarar tana ja da baya. Cikin shekara 125 da 'yan kai Atabaska ya janye fiye da kilomita ɗaya da rabi, ya kuma rasa fiye da rabin jikinsa, saboda zafin duniya da ke ƙaruwa. Abokina ɗan Damagaram, wanda za mu tafi da shi da iyalinsa, ya je shekarun baya. Ya nuna min hoto: a hanyar da ake bi daga inda ake ajiye motoci an kakkafa ƙananan alluna, kowanne da shekara a jiki, ana nuna inda bakin ƙanƙarar yake a wannan shekarar. Akwai allon 1992, shekarar da aka haife ni. Ya ce daga allon sai ka ƙara tafiya mai ɗan dama cikin tsakuwa da baƙin dutse kafin ka kai inda ƙanƙarar take yanzu. Tun da na ga hoton nan abin ya tsaya min a rai. Ina so in tsaya a gindin allon in auna da ƙafata nisan da ta yi tun ranar da Baba ya yi min huɗuba.

Tsarin tafiyar ba mai yawa ba ne. Ranar farko mu tashi da sassafe a motar abokin nawa, mu bi ta Banf, wajen kilomita 130 daga nan. Gandun dajin da ke kewaye da garin shi ne na farko da ƙasar ta keɓe, tun 1885, kuma sai an biya kuɗin shiga. Masauki a can lokacin bazara ba na talaka ba ne, don haka tanti za mu kafa a filin da hukuma ta tanada, mun riga mun kama wuri tun da wuri. Rana ta biyu ta Tafkin Luwis ce. Rana ta uku Atabaska. Ta huɗu mu juyo, in kwana in tashi aiki. Da mun so mu zarce har garin Jasfa a ƙarshen hanyar, amma gobarar daji ta watan Yulin 2024 ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na gine-ginen garin, kuma kwanakin namu ma ba za su kai ba. Akwai wani tafkin kusa, Moren, wanda tun 2023 aka hana motocin gida zuwa, sai dai bas da ake kama kujera tun da nisa. Mun yi lattin kamawa, mun haƙura.

Tafkin Luwis shi ne wanda Auta ya taɓa turo min hotonsa yana rantsuwa wai da kwamfuta aka yi masa fenti. Auta, ba fenti ba ne. Ƙanƙarar da ke gangarowa tana niƙa dutsen da ke ƙarƙashinta kamar yadda Goggo ke markaɗe a kan dutsen niƙa. Garin dutsen mai laushi ya bi ruwan narkewa ya shiga tafki, bai nutse ba, idan rana ta haska sai ruwan ya koma shuɗi mai ratsin kore. Daga bakin tafkin akwai 'yar hanyar ƙafa da ke hawa zuwa wani fili inda ake hango kogunan ƙanƙara shida. Kusan kilomita 11 ce zuwa da dawowa, hawan kuma mita 365, ana yi cikin awa huɗu idan ba a yi ta zama ba. A can sama akwai wani tsohon gidan shayi na dutse da ba shi da wutar lantarki, ma'aikatan da ƙafa suke hawa da kaya a baya. Na ce wa abokina ashe har a kan dutse mai shayi ya riga kowa kafa tebur. Takwarar Inna ba za ta hau ba, za ta tsaya a bakin tafki tare da matar abokin nawa da yaranta. 'Yarku kuwa ta ce ƙafarta ƙafata. Kuma gaskiya ta fi ni ƙwari, yini take a tsaye a gidan kula da tsofaffi, ni kuwa hawan Dutsen Olumo da muka yi lokacin makaranta shi ne iyakar tarihina. Yanzu kullum da yamma ina hawa matakalar gidanmu, bene tara, sau uku. Ranar farko sai da na zauna a bene na shida ina salati. Takalman hawa dutse da rigunan ruwa a shagon gwanjo muka samo, irin namu na Katangowa, sai dai nan ba a taya wa.

Inna, yanzu ku saurare ni da kyau, don na san inda hankalinku ya tafi. Gaskiya ne akwai beyar a dajin, dabba ce babba mai ƙarfi. Amma ba neman mutum take yi ba. Ana tafiya a ƙungiya ana magana da ƙarfi don ta ji ta kauce, kuma surutu ba abin da za a koya wa ɗan Agege ba ne. Mun sayi feshin barkono na musamman da ake ratayawa a ƙugu. Abinci ba ya kwana a tanti, a mota ake kulle shi, saboda hancinta ya fi na kare. Wannan dokar ta fi damuna, domin 'yarku tana shirin yin dambun nama da naman layyar nan ya zama guzurinmu, ga shi sai na yi sallama da shi kowane dare. Kada ku wahalar da kanku neman mai zuwa ku aiko da kilishi, ba a barin nama ya shigo ƙasar daga gida, a filin jirgi za a karɓe.

Ƙanƙarar kanta ta fi beyar haɗari ga mai gangancin kai. Tana da tsagogi masu zurfi da dusa ke rufewa, an sha rasa rayuka a cikinsu. An ja igiya a bakinta, ba a tsallakawa sai da jagora. Na yi muku alkawari ba zan tsallaka ba. Wani abu kuma: hanyar da ta tashi daga Tafkin Luwis zuwa Jasfa, wajen kilomita 230, yawancinta babu sabis na waya, gidan mai ma guda ɗaya ne a tsakani. Idan kuka kira rana ta uku ba ta shiga ba, kada a tashi Yaya tsakar dare, kada a aika wa Malam da kuɗin sauka. Da mun fito inda sabis yake zan kira, ko ƙarfe nawa ne a wajenku.

Baba, ina da tambaya. Nisan ya kai na ƙasaru ba ko shakka, amma kwana biyu za mu yi a wuri ɗaya, sannan a wannan lokaci rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, alfijir kuma ya keto tun mutum bai gama juyi ba. Ku faɗa min yadda ya fi dacewa mu yi da haɗa Magariba da Isha, Auta ya ɗauki muryarku ya turo min. Ina kuma neman izininku da addu'arku kan tafiyar. Ku da kuka baro Katsina da ƙuruciya kuka biyo jirgin ƙasa zuwa inda ba ku san kowa ba saboda goro, na san ba za ku hana ni kwana huɗu ba, sai dai ku yi min tsiya, wadda na shirya sha.

Na tura wa Yaya ɗan abin da ya samu. A fitar da goron Sallar Goggo da na Kawu na Idi-Araba, a ba 'ya'yan Yaya nasu a hannu, saura a gyara kwatar ƙofar gida kafin ruwan Yuli. A ba maƙwabciyarmu Iya cinyar da aka saba ba ta, a ce ina gaishe ta. Auta, idan mai ƙanƙarar bayan layin dogo tana nan, ka ɗauko min hotonta da buhunta, ina so in nuna wa takwarar Inna kafin mu tafi.

'Yarku tana gaishe ku, tana can kicin tana fama da suya, ƙararrawar hayaƙi ta yi kuka sau biyu tun safe.

Wassalam.
Ɗanku.